Wace filta ce mai araha da ta dace da tankin kifin ado a gida?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. An haɗa mini tankin gilas, tsawonsa santimita 90, faɗi 35, tsayi 40. Ina so in zuba golfish guda shida. Kuɗina bai kai na babbar filta ba, kuma wutar NEPA a unguwarmu ba ta wuce awa shida zuwa takwas a rana. Ruwan burtsatse muke saye a hannun 'yan garuwa. A shago an nuna mini iri huɗu: ta soso mai aiki da famfon iska, ƙarama mai mota wadda ake liƙawa a cikin ruwa, wadda ake ratayawa a bayan tanki, da kanista da ake ajiyewa a ƙasa. Wacce zan ɗauka don ruwan ya riƙa zama garau?

Mai Shagon Kifi:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, fara da lissafin ruwanka. Ka ninka 90 da 35 da 40, ka raba da 1000, zai ba ka lita 126. In ka cire wurin tsakuwa da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 110 ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce filta ta juya ruwan tanki gaba ɗaya sau huɗu zuwa shida a awa ɗaya, wato kai kana neman wajen lita 450 zuwa 650 a awa. Amma lambar da ke jikin kwali ba ita za ka samu ba. Kamfani yana auna ta ne famfo na wofi, babu soso a ciki, babu ɗaga ruwa sama. Da zarar an cika ta da kayan tacewa kuma datti ya fara taruwa, rabi ko kashi biyu cikin uku za ka gani. Saboda haka in mai mota ce, ka nemi wadda aka rubuta 800 zuwa 1000.

Sai maganar kifin. Golfish shida sun yi wa lita 110 yawa. Ƙanana ake sayar da su, amma masu jela biyun nan suna kai santimita 15 har fiye, kuma suna cikin kifayen ado mafi yawan yin kashi. Biyu ko uku ya isa. In yawan kifi kake so, ka koma ƙananan kifaye irin su gofi, moli ko filati.

Malamin Kemistiri:
Kafin a shiga zaɓen iri, akwai kalma ɗaya a tambayarka da ya kamata a gyara: "garau". Ruwa yana iya zama garau kamar na leda kuma ya kashe kifi cikin kwana uku. Abin da ke kashe su ba a ganinsa da ido.

Kifi yana fitar da ammoniya, mafi yawanta ta mashaƙarsa, wato jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnensa, sauran kuma daga kashi da ragowar abincin da ya ruɓe. Giram ɗaya na abinci mai furotin kashi 35 cikin ɗari yana haifar da kimanin miligiram 30 na ammoniya. In kana ba su giram biyu a rana a lita 110, kullum kana ƙara wa kowace lita fiye da rabin miligiram. Kwana biyu ko uku kawai ake buƙata kifi ya fara wahala.

Babu soson da ke tare ammoniya, narkakkiya ce a ruwa. Masu cire ta wasu bakteriya ne da ke liƙe a jikin soson. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita naitirait, wanda a kwalbar gwaji ake rubuta NO2, shi ma guba ne. Kashi na biyu, galibi Nitrospira, suna mayar da NO2 zuwa naitiret, wato NO3, wanda kifi ke iya jurewa har sai an rage shi da canjin ruwa. To filta gidan waɗannan halittu ce. Tambayar da za ka yi wa kowace filta ita ce: wane faɗin wuri take ba su, kuma ruwa mai iskar oksijin yana ratsa su dare da rana? Don suna cin oksijin sosai, kusan miligiram huɗu da rabi ga kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin ammoniya da suka sarrafa.

Injiniyan Sola:
Malam ya kawo mu inda maganar take: dare da rana. Mai wutar awa shida ba shi da wannan. Don haka ni a ganina wutar ce za ta zaɓa maka filta, ba aljihu kaɗai ba.

Kanista rufaffiyar tukunya ce. Aka ɗauke wuta, ruwan cikinta ya tsaya, dattin da ke ciki da bakteriya suka shanye oksijin ɗin cikin 'yan awanni. Daga nan wasu ƙwayoyin da ba sa buƙatar iska su karɓi wurin, ruwan ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wuta ta dawo ƙarfe uku na dare, famfo ya tashi da kansa, ya juye wannan ruwan a kan kifi. Da safe a ce ba a san abin da ya kashe su ba. Wanda ba shi da inbata ya manta da kanista, ko da kyauta aka ba shi.

Mai ratayawa a baya tana da tata matsalar. In wuta ta tafi, ruwan da ke bututun zuƙowa yakan koma tanki, musamman in ruwan tankin ya yi ƙasa. Wuta ta dawo, farfela ta yi ta juyawa a bushe, ta yi zafi, ta ci kanta. Wasu suna sake jan ruwa da kansu, masu arha da yawa sai an zuba musu ruwa da kofi.

Ta soso kuwa tana nutse a cikin tankin. Ko famfo ya tsaya, soson yana cikin ruwan lita 110 da samansa ke buɗe, ba a cikin tukunyar lita biyar ba. Sannan famfon iska wat 3 zuwa 5 yake ci. Wat 3 a wata guda bai fi yunit biyu da ɗan kai ba, alhali kanista mai wat 25 tana cin yunit 18. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wat 3 abu ne da batir ke iya riƙewa. Akwai famfunan iska masu batir a ciki, a kwalinsu ake rubuta AC/DC, kamfanoni irin su Sobo da Resun suna yin su. Suna caji in da wuta, in an ɗauke su ci gaba da kansu. Akwai kuma ƙananan masu kan USB da ba su wuce wat ɗaya ba. Fawa bank mai 10,000 mAh yana ɗauke da kimanin wat-awa 37, in an cire asara zai riƙe irin wannan famfo kwana ɗaya cur.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Amma Injiniya, soso da kumfar iska kawai, ta yaya yake jan ruwa? Ni na ɗauka ado ne.

Injiniyan Sola:
A tsakiyar soson akwai bututu a tsaye. Iska tana shiga ta ƙasan bututun, kumfa ta haɗu da ruwan da ke ciki, haɗin ya fi ruwan waje sauƙin nauyi, sai ya yi sama ya fita ta baki. Gurbin da ya bari dole wani ruwa ya cike shi, kuma babu hanyar shiga sai ta ramukan soson. Shi ke nan. Shi ya sa ba a cire bututun sama don a ce yana ɓata kyau: tsawonsa ne ƙarfin jan. Kuma ƙananan kumfa sun fi manya ɗaga ruwa, don haka in akwai wuri ka sa ɗan dutsen iska, mai farfasa iska zuwa ƙananan kumfa, a cikin bututun, ƙarar ma za ta ragu.

Hajiya Mai Golfish:
Ban ƙi maganar wuta ba, amma kada a sa yaron nan ya ɗauka soso ya gama komai. Filtar soso tana da rauni wajen kwashe datti mai kauri. Kashin golfish dogo ne, yana kwanciya a tsakuwa, kuma su kifi ne masu tono, kullum bakinsu na ƙasa suna tayar da shi. Jan soso bai kai ya ɗauke wannan ba. Sai ka ga gwaji ya nuna ammoniya sifili amma ruwa cike da ɓurɓushi yana yawo. Ga gofi da beta da 'ya'yan kifi, soso babu kamarsa, don ba ya zuƙe su kuma ba ya wahalar da su da igiyar ruwa. Ga golfish, oska ko koi, sai an haɗa da mai mota.

Kuma akwai iri na biyar da ba a nuna maka ba, wanda ya fi su duka dacewa da kuɗinsa: akwatin sama. Ƙaramin famfo a cikin ruwa yana tura ruwa ta tiyo zuwa dogon akwatin roba da ke zaune a bakin tanki, ruwa ya ratsa kayan tacewa ya zubo ƙasa. Wankinsa buɗe murfi ne kawai, hannunka ba ya shiga tanki. Ana ma iya haɗa shi a gida da robar ajiye abinci mai tsawo.

Injiniyan Sola:
Hajiya, akwatin sama in wuta ta tafi ruwansa tsiyayewa yake, kayan ciki su bushe, musamman da hunturu.

Hajiya Mai Golfish:
In ramukan fita a gindin akwatin suke, haka ne. Shi ya sa ake huda su a gefe, kamar santimita huɗu ko biyar daga ƙasa, don ruwa ya riƙa kwanciya a kan kayan tacewar da ke ƙasa. Bakteriyar nan ba ta mutuwa nan take muddin akwai danshi da iska, kuma akwatin buɗe yake, ba kamar kanista ba. A rufe shi da murfi mai 'yan huji, danshi zai daɗe. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: kada akwatin ya zama shi kaɗai. Soso a kan famfo mai batir shi ne ke riƙe da ran kifi, akwatin sama kuma ya yi shara duk lokacin da aka kawo wuta.

Ga yadda ake jera shi. Inda ruwa ke faɗowa, a shimfiɗa farar audugar roba, irin ta cikin filo, siririya, ita ke kama ƙura. Ƙarƙashinta soso mai manyan ramuka. Ƙarshe zobban tangaran ko sosunan roba na wanke tukunya, waɗanda suke kamar dunƙulallen zare. Dole a yi wani babban rami guda kusa da bakin akwatin, ta ɓangaren da ke kallon cikin tanki. Ranar da auduga ta toshe, ruwa zai bi nan ya koma tanki. In babu shi, famfo zai kwashe ruwan tankin ya malala a falo.

Mai Shagon Kifi:
Wannan haɗin na Hajiya shi ne daidai ga golfish, kuma duka biyun a haɗe ba su kai kuɗin kanista mai arha ba. Ƙaramar mai liƙawa a cikin ruwa ita ce aka fi saye, kuma ita ce aka fi yin kuka da ita. Sosonta bai fi girman kwalin ashana biyu ba, mota kuwa mai ƙarfi. Cikin kwana huɗu ya toshe, a wanke shi da ruwan famfo, bakteriya ta tafi, a koma farko. In an riga an saye ta, a cire ɗan kwandonta, a sa tiyo a bakin fitar ruwa, ta zama famfon akwatin sama. A bakin zuƙowa kuma a sa guntun soso don kada ta kama jelar kifi.

Sabon Shiga:
To soson katifa fa? Akwai ragowarsa a gida. Kuma na ji ana cewa a sa gawayi.

Mai Shagon Kifi:
Soson katifa a bar shi. Ramukansa ƙanana ne kuma da yawansu a rufe suke, ruwa ba ya ratsawa, ga shi ba ka san sinadaran da aka sa masa ba. Gwaji mai sauƙi: ka kara soso a bakinka ka hura. In iska ta wuce babu wahala, ruwa ma zai wuce. Na filta ana rubuta masa lamba, 20 ko 30 ppi, ma'ana yawan ramuka a inci ɗaya. Mai 20 ya fi daɗewa bai toshe ba, shi ya dace da golfish. Soson wanka na gargajiya ruɓewa yake a ruwa. Soson ƙarfe tsatsa. Na wanke-wanke mai kore a gefe ɗaya wasu suna zuwa da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyi a jiki, kuma su muke son rayawa. In kuɗin zobba ya gagara, tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa da ba a taɓa girki da ita ba yana aiki, a farfasa shi kamar girman goro a wanke sosai.

Malamin Kemistiri:
Gawayin da ake nufi ba na gasa masara ba ne. Na filta an sake ƙona shi ne da tururi a zafi mai tsanani har ya yi ramuka marasa adadi. Aikinsa kama launi, wari da ragowar magani. Ba ya cire ammoniya, NO2 ko NO3 yadda za a dogara da shi, kuma cikin mako biyu zuwa huɗu ya cika, sai a sayi wani. Tanki mai lafiya ba ya buƙatarsa. Lokacinsa ɗaya ne: bayan an gama yi wa kifi magani ana so a tsane ragowar. In ana cikin maganin kuma dole a cire shi, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Haka nan filtocin da ke zuwa da katirij, wato ƙunshin kayan tacewa da ake zarewa, ana ce maka ka canza duk wata. Wannan katirij ɗin shi ne gidan bakteriyarka. Ka jefar da shi, ka jefar da aikin mako shida. A cire shi tun farko a yanka soso daidai gurbin, soso yana shekaru.

Kuɗin gawayin da na katirij a tara su a sayi kayan gwajin ruwa. Na ɗigo ya fi na takarda gaskiya. Kamfanin API yana da kwali ɗaya mai auna pH (ma'aunin tsamin ruwa), ammoniya, NO2 da NO3. In ya yi tsada, a sayi na ammoniya da na NO2 tukuna.

Sabon Shiga:
Malam, ka ambaci mako shida. Wato ba ranar da na haɗa zan zuba kifi ba?

Malamin Kemistiri:
A'a. Sabon soso babu kowa a cikinsa. Ka cika tanki, ka kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kamar abin da yatsu biyu za su tsinka kullum, ba kifi a ciki. Zai ruɓe ya ba da ammoniya. Ka bar ta ta kai wajen miligiram 2 a lita, kada ta wuce 4. Bayan mako ɗaya ko biyu za ka ga ta fara sauka, NO2 ya hau. Wannan matakin ne mai tsawo, kuma a nan mutane ke gajiya. Ranar da ka ga ammoniya sifili, NO2 sifili, NO3 ya bayyana, kuma ka ƙara abinci suka ci gaba da zama sifili, ka canza rabin ruwan ka kawo kifi, biyu tukuna. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne. Zafinmu yana taimakawa, don bakteriyar nan ta fi saurin yaɗuwa tsakanin digiri 25 da 30.

Hanyar gajarta shi ita ce ka samu tsohon soso daga tankin da kifinsa ke lafiya, a kawo maka shi a leda da ruwansa, ka matse baƙin ruwan a kan sabon sosonka ko ka ajiye su gefe da gefe. Tsohon ruwa kawai ba ya wadatarwa, don bakteriyar a jikin abu take liƙe, ba a cikin ruwa take yawo ba. In a makon farko ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, kada ka zubar, wasu ƙwayoyi ne daban suka yi yawa, zai washe da kansa.

Akwai dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan. Ammoniya kala biyu take zama a ruwa, mai guba da marar guba sosai, kuma pH da zafi ne ke raba su. A pH 7 da digiri 25, mai gubar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A pH 8 da digiri 30 ta haura kashi bakwai. Lambar da ba ta kashe kifi da hunturu tana iya kashe shi a Afrilu. Ga shi ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi: miligiram 8 da ɗoriya a lita a digiri 25, wajen 7.5 a digiri 30, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙata. Wannan ma wani dalili ne na fifita filtar da ke aiki da iska a bazara.

Mai Kiwon Tarwada:
Bari in ƙara kan ruwan 'yan garuwa, don mu masu kiwo mun san shi. Abu uku za ka tambaya. Na farko jarka: in an taɓa zuba mata fetur, kalanzir ko maganin feshi, babu filtar da za ta cece ka. Ka ware jarkokinka biyu na lita 25 ka riƙa bayarwa a ciko maka. Na biyu, an sa alif ko maganin tsarkake ruwa irin su WaterGuard? Maganin tsarkake ruwan nan kulorin ne, yana ƙona mashaƙar kifi kuma yana kashe bakteriyar soso. Kulorin zalla yana fita in an bar ruwa a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu da dutsen iska a ciki, amma ɗigon maganin cire kulorin ya fi tabbas, kuma kwalba ɗaya tana watanni. Na uku, ruwan burtsatse da aka ɗebo yanzu ba shi da oksijin sosai, wani kuma yana da ƙarfe: za ka gan shi fari tas, gobe ya yi ja a gindin bokiti. A bar shi ya kwana da iska, jan ya kwanta, a tsiyaye na sama.

In NO2 ya hau alhali kifi na ciki, za ka ga suna haki a saman ruwa duk da iska na tafiya, mashaƙarsu ta koma ruwan ƙasa maimakon ja, saboda jinin ya kasa ɗaukar oksijin. A canza rabin ruwa, a daina ba da abinci kwana biyu, a narka gishiri giram ɗaya ga kowace lita. Gishirin yana hana NO2 shiga jini. Kuma gishiri ba ya bin tururi, sai in an ɗebi ruwa ne yake raguwa, don haka ba a ƙara shi duk lokacin da aka cike tanki.

Sabon Shiga:
Idan na yi amfani da ruwan leda ko filtar ruwan sha ta gida, ba zan huta da wannan duka ba?

Malamin Kemistiri:
Filtar ruwan sha tana gyara ruwan da zai shiga ne sau ɗaya. Gubar tanki kuwa kifi ne ke ƙera ta a ciki kowace awa. Aikinsu daban. Sannan ruwan da aka tace da injin RO, kamar wasu na leda da na gora, an cire masa kusan dukkan ma'adinai. Bakteriyar filta tana cin sinadarin kabonet yayin aikinta, wajen miligiram bakwai ga kowane miligiram na naitirojin. In babu shi, pH zai yi ta sauka, ya kai ƙasa da 6.5 aikinsu ya yi rauni, kusa da 6 ya kusan tsayawa. Wasu rijiyoyin ma haka ruwansu yake. In gwaji ya nuna pH na zamewa, a je wurin masu haɗa abincin kajin ƙwai a sayi dakakken ɓawon kawa ko farin dutsen da suke sa wa, a wanke, a ƙulle cikin tafi ɗaya a ƙyallen raga a jefa akwatin sama. Yana narkewa a hankali daidai buƙata. Na gaggawa kuma bekin soda, ba bekin fauda ba: ƙaramin cokali ɗaya ga lita 50 yana ɗaga KH, wato ma'aunin kabonet ɗin ruwa, da kusan digiri huɗu, don haka a raba shi kashi-kashi cikin kwana biyu. Kanwa kada a kusanto da ita, tana cilla pH sama lokaci ɗaya.

Injiniyan Sola:
Ga haɗin soson dalla-dalla. Ka sayi guda biyu matsakaita maimakon babba ɗaya, kowanne a kusurwarsa. Famfo mai baki biyu, tiyon iska na milimita 4 kamar mita uku, ƙananan bawul biyu na rage iska, da bawul mai hana ruwa komawa guda biyu. Ka ɗauraye soso da ruwa zalla, ka matse shi a ƙarƙashin ruwan tanki har iska ta fita, in ba haka ba zai yi ta tasowa. Bawul mai hana komawa yana da gaba da baya: ka hura, ɓangaren da iska ke fita shi ke kallon tanki. Kada ka raina shi. Wuta ta tafi, ruwa yana iya biyo tiyo ya gangaro cikin famfo, daga nan ƙasa, kusa da soket. Mafi aminci a ɗora famfon a kan kanta sama da bakin ruwa, a kan guntun soso don rage kuka.

Kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. A cire fulogin famfon cikin ruwa kafin a tsoma hannu. Kayan da aka aiko daga Amurka a duba jikinsu: nasu bolt 120 ne, namu 230, haɗawa ɗaya ya ƙone. Ƙananan inbata masu arha da wutarsu ba ta fita sumul suna sa motar famfo gurnani da zafi.

In iska ta ragu bayan watanni, abu uku ne. A gindin famfo akwai ɗan ƙyalle mai tace iska, ƙurar hunturu tana toshe shi, a ciro a kakkaɓe. Ko dutsen iska ya toshe, a canza. Ko robar cikin famfo mai bugawa ta tsage, ana sayar da ita daban, sukurori huɗu ne a kwance.

Hajiya Mai Golfish:
Tunda an zo kan famfon iska, akwai abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Duk abin da ke cikin iskar ɗaki, famfon nan zai zuƙa ya tura cikin ruwa. Maganin sauro na feshi, fiya-fiya da na kunnawa guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa. In za a yi feshi, a kashe famfon, a rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi bayan an gama, sai warin ya fita a kunna. Kada a wuce awa ɗaya ko biyu a rufe lokacin zafi. Mafi kyau ma a ja dogon tiyo a kai famfon wani ɗakin da ba a feshi. Kaskon turaren wuta shi ma a nisanta shi da famfon.

Wanki kuma: duk mako a zuƙe lita 25 zuwa 35 da tiyo, ana bin tsakuwa ana tsotse kashin. A cikin wannan ruwan da aka ɗiba, a bokitin da bai taɓa ganin omo ba, ake matse soso sau huɗu ko biyar. Ba sai ya koma sabo ba, ruwan ƙasa-ƙasan da ya rage shi ake so. Wannan makon na dama, bayan mako biyu na hagu. Audugar sama ita ce kaɗai ake jefarwa in ta yi baƙi. Ruwan bokitin a zuba wa shuka. Kuma cike gurbin ruwan da ya bi iska ba canjin ruwa ba ne, NO3 yana nan yana taruwa, a riƙe shi ƙasa da miligiram 40 a lita.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Zan fara da soso biyu da famfo mai batir da kayan gwaji, akwatin sama in haɗa shi kafin kifi su zo, kuma uku zan saya. Tambaya ta ƙarshe: inda na shirya ajiye tankin yana kusa da taga, rana tana taɓa shi da hantsi. Filta za ta hana ruwan yin kore?

Mai Shagon Kifi:
Ba za ta hana ba. Koren ruwa gansakuka ce ƙanana ƙwarai da ke yawo, tana wuce ramukan kowane soso. Fitilar UV tana kashe ta, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin wuta, kuma muddin rana na dukan gilas za ta dawo, ga zafin da za ta ƙara wa ruwan a bazara. Ka matsar da shi bangon da rana ba ta kaiwa tun yana wofi, don in ya cika da ruwa da tsakuwa nauyinsa ya haura kilo 140, kuma ba a jan tanki da ruwa a ciki, gam ɗin kusurwa ne ke buɗewa. Ka shimfiɗa farin soson kwalin firji mai kaurin santimita ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa, ka zuba ruwa kaɗan ka duba ko ya kwanta daidai a kusurwa huɗu kafin ka cika. Fitilar tankin kuma awa shida zuwa takwas a rana ta isa.